Baƙin Mai Ya Kai Digiri 135 a Filin Tsere, Ko Injin Yana Cikin Haɗari?

Assalamu alaikum, ɗana. Saƙonka ya same ni a gareji a nan Garwa, kuma tunda ka yarda in amsa a fili domin wasu su amfana, bari in fara da maimaita tambayar kamar yadda ka aiko ta. Ka ce: "Baffa, na kai motata Toyota GT86 ta 2014 filin tsere na Bugatti da ke Le Mans a Faransa, a irin ranakun nan da ake buɗe wa masu motocin hawa na gida su biya kuɗi su yi gudu. Na'urar da na haɗa da waya ta nuna zafin baƙin mai ya kai digiri 135 bayan minti goma sha biyar, alhali allurar ruwa ba ta gusa daga tsakiya ba. Man 0W-20 ne a ciki, kamar yadda littafin motar ya ce. Shin na lalata injin? Ko in koma 20W-50 irin wanda kuke zubawa a gida?"

In dai ba ka ji wata sabuwar ƙara daga ƙasan injin ba, kuma jar fitilar mai ba ta ƙifta ba ko sau ɗaya, to mai yiwuwa ƙwarai ba ka yi ɓarna ba, kuma kada ka zuba 20W-50. Sai dai ba zan so ka koma filin da man 0W-20 a irin wannan zafi ba. Kafin in dawo gida na yi wasu shekaru ina aiki a wani gareji a Faransa inda ake shirya motocin mutane domin irin wannan rana, kuma abin da na koya a can shi ne na sake gani a nan a jikin manyan motocin da ke hawa dutsen Ngaundere da kaya: lambar da agogo ya nuna ita kaɗai ba ta isa a yanke hukunci ba, sai an san wane mai ne a ciki, tsawon lokacin da ya ɗauka a wannan zafi, da kuma ko lambar ta tsaya ko tana ci gaba da hawa.

Allurar ruwa da ta tsaya cak a tsakiya ba ta yi maka ƙarya ba, amma abin da ta faɗa maka kaɗan ne. Ruwa yana zagaya kan injin da bangon silinda, ga radiyeta babba a gaba, ga fanka, ga tamostat da ke riƙe shi a wajen digiri 90 a ma'aunin Salshiyas. Ƙari a kan haka, kamfanoni da yawa sun tsara allurar ta zauna a tsakiya ko da zafin ya sauya da digiri masu yawa, domin kada direba ya riƙa firgita. Baƙin mai kuwa aikinsa a wuraren da ruwa ba ya isa yake: tsakanin karanshaf da siraran ƙarafan da ke rungume da shi, waɗanda muke kira kusine a garejinmu, da ƙarƙashin fistin, da kan sandunan da ke buɗe bawul. Zafinsa ya fi bin yawan juyin injin fiye da komai. A hanyar gari injinka yana juyi 2,000 zuwa 3,000 a minti, a fili kuwa kana riƙe shi tsakanin 5,000 da sama da 7,000 minti bayan minti, kuma motarka ta fito daga masana'anta ba tare da radiyetar mai ta daban ba. Ba ta da inda za ta zubar da wannan zafi sai ta jikin kwanon ƙasa da jikin injin, shi ya sa aka san wannan samfurin da zafin mai a filayen tsere tun fitowarsa a 2012.

Wajibi ne kuma ka cire tsoron digiri 100 daga ranka, domin na ga mutane da yawa suna ɗaukar wannan lamba tamkar iyaka saboda a nan ruwa yake tafasa. Baƙin mai ba ya tafasa a nan, kuma tururinsa ba ya kama wuta sai ya haura digiri 200. Injin lafiyayye a kan doguwar hanya yakan riƙe mansa tsakanin 90 da 110, kuma hakan alheri ne, domin a wannan zafi ne ruwan raɓa da fetur ɗin da suka zurara cikin kwano suke ƙafewa su fita. Motar da ba ta wuce gida zuwa kasuwa, wadda manta bai taɓa yin zafi sosai ba, ita ce za ka buɗe murfinta ka tarar da wani farin kumfa kamar kindirmo.

Zafi yana yi wa mai illa ta hanya biyu, kuma mutane sun fi jin tsoron wadda ba ta kai ɗayar muni ba. Ta farko ita ce tsufa. Mai yana haɗuwa da iskar oksijin, ya yi baƙi, ya yi tsami, ya fara barin dauɗa mai danƙo a cikin injin. Masu ilimin sinadarai suna da wani ƙiyasi da ya samo asali daga aikin Svante Arrhenius, mutumin Suwidin, cewa duk ƙarin digiri 10 yana ninka saurin wannan lalacewa sau biyu. Ƙiyasi ne na kusa, amma ya isa mu yi lissafi da shi. Daga 105 zuwa 135 ninki uku ke nan, wato sau 8. In ka shiga fili sau shida a rana, kowace shiga minti 20, ka yi awa 2, wanda ya yi daidai da awa 16 na tafiyar yau da kullum, abin da bai wuce tafiyar kilomita dubu da ɗari uku ba ga mai tafiya 80 a awa. Wannan ba abin da zai kashe injin a rana ɗaya ba ne, abin da zai sa ka gaggauta juye ne kawai.

Illa ta biyu ita ce wadda take hana ni barci in na san motar mutum tana fili, wato tsinkewar mai. Ka san yadda man shanu yake daskarewa da asubar hunturu, in rana ta take kuma ya koma kamar ruwa. Haka baƙin mai yake. Karanshaf ba ya taɓa kusine a lokacin da injin ke aiki, yana yawo ne a kan wani siririn shimfiɗi na mai wanda a wurin da ya fi matsewa kaurinsa bai wuce 'yan maikiron ba, alhali silin gashin kai guda yana kai wajen maikiron 70. Wannan shimfiɗi kauri ne ke riƙe shi. A santistok, wato ma'aunin kaurin mai, man 0W-20 yana da kauri wajen 8 a digiri 100, amma in ya kai 135 yakan sauko zuwa huɗu da rabi ko kusa da haka, kusan rabi ke nan, kuma a daidai lokacin da fistin ke dukan karanshaf da iyakar ƙarfinsa. In shimfiɗin ya yage na ɗan daƙiƙa kaɗan, ƙarfe ya goga ƙarfe, kusine ya fara ci, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Sau da yawa ba a ranar injin yake bugawa ba, sai bayan wata biyu ko uku a kan hanyar zuwa aiki, mai motar yana mamakin me ya faru.

A nan ne ya kamata ka fahimci lambobin da ke jikin galan. Lambar farko mai harafin W tana magana ne a kan yadda man ke gudana da sanyi, kuma ba ta da ruwa da matsalarka. Ta biyu ita ce kauri a digiri 100, bisa ma'aunin ƙungiyar injiniyoyin mota ta Amurka da ake kira SAE J300: mai lamba 30 yana tsakanin 9.3 da 12.5, mai 40 tsakanin 12.5 da 16.3, mai 50 tsakanin 16.3 da 21.9. Akwai kuma wata lamba ta uku da ba a cika bugawa a gaban galan ba, sai a takardar bayanin man, ana rubuta ta HTHS. Ana auna ta ne a digiri 150 yayin da ake murza man da tsananin sauri, domin a kwaikwayi halin da yake shiga a cikin kusine, inda zafin ya zarce na kwanon da na'urarka ke iya gani. Mafi ƙarancin abin da aka yarda wa mai lamba 20 shi ne 2.6, mai lamba 30 kuma 2.9. Man da ke ɗauke da alamar Turai ta ACEA C3 ko A3/B4 dole ya kai 3.5 ko fiye. Ga mai zuwa fili wannan lamba ta fi sunan kamfani da kyan galan muhimmanci, domin za ka iya samun galan biyu duka an rubuta 5W-30, ɗaya yana da 3.0, ɗayan 3.5, kuma ba aiki ɗaya za su yi maka a digiri 135 ba.

Shawarata ita ce ka zuba cikakken man sintetik, wato wanda aka haɗa a masana'anta ta hanyar sinadarai, na 5W-30 mai HTHS 3.5, ko 0W-40, ko 5W-40, kafin ranar fili. Hujjata lissafi ce mai sauƙi: man 5W-40 sai ya kai digiri 125 zuwa 130 kafin ya tsinke zuwa kaurin da 0W-20 yake da shi a digiri 100. Ma'ana, a zafin fili yana ba injinka kusan irin kaurin da waɗanda suka ƙera shi suka tsara masa a zafin hanya. Ba saɓa wa Toyota ka yi ba. Sun zaɓi 0W-20 ne domin tsimin fetur da dokokin hayaƙi da tashin injin a sanyin Turai da Japan, kuma in ka duba littattafansu da kyau za ka ga sukan ambata cewa mai mafi kauri zai iya fi dacewa ga motar da ake gudu da ita sosai ko ake ɗora wa aiki mai tsanani.

Game da 20W-50, na san daga ina tunanin ya zo maka, domin ka taso kana ganinmu muna zuba shi a tsofaffin Peugeot 504 da Hilux da suka sha hanyar Marwa da Kuseri. Waɗannan injina ne da aka ƙera da sarari mai faɗi tsakanin ƙarafa, shekaru kuma suka ƙara buɗe shi, don haka mai kauri yana cike giɓin. Injinka matsattse ne, kuma yana amfani da matsin mai wajen sauya lokacin buɗe bawul, ta cikin ƙananan ramuka da rariya masu laushi. Mai kauri fiye da kima yana tafiya a hankali, don haka ba ya kwashe zafi da sauri daga kusine, kuma shi kansa yana haifar da ƙarin zafi saboda wahalar da injin ke sha wajen kaɗa shi. Da sanyin safiya a Le Mans kuma zai daɗe kafin ya isa saman injin. Akwai injinan da aka rubuta wa mai kauri tun daga masana'anta, kamar BMW M3 ta samfurin E46 da aka ce a zuba mata 10W-60, amma wannan hukunci ne na masu injin a kan injinsu, ba abin da za a ara a yafa wa kowace mota ba. Ina ƙara jan kunnenka da cewa yawancin 20W-50 da ake sayarwa a kasuwanninmu man mineral ne, wato wanda aka tace kai tsaye daga ɗanyen mai, kuma ya fi sintetik saurin lalacewa da zarar ya haura digiri 120.

Yanzu ga abin da nake so ka riƙe fiye da komai a wannan amsa. Ka ce man ya kai 135 bayan minti goma sha biyar, amma ba ka gaya mini ko ya tsaya a nan ba ne ko kuwa a nan ka fito. Tsakanin biyun akwai tazara mai nisa. Direbobin tirela da ke tasowa daga Garwa zuwa Ngaundere sun san wannan ko da ba su karanta shi a littafi ba. Hanyar tana tashi daga kwarin Binuwai, wajen mita 200 da 'yan kai bisa teku, zuwa tudun Adamawa da ya haura mita 1,000, kuma mafi yawan hawan yana tattare ne a dutsen nan mai kwane-kwane. Gogaggen direba ba ya tsorata don allura ta ɗaga, yana kallon ko ta sami wurin zama. In ta ɗaga ta tsaya, to zafin da injin ke haifarwa da wanda yake zubarwa sun yi daidai, zai iya kaiwa sama a haka. In kuwa tana tafiya a hankali ba ta tsayawa, ya san lissafi ya ƙi, kuma tsawon dutsen ne kawai zai nuna ko zai isa ko zai kwana a gefen hanya da duwatsu a bayan taya. Haka filin tsere yake. Zagayen Bugatti kilomita huɗu ne da ɗan ɗori, don haka ka riƙa duba lambar a wuri ɗaya kowane zagaye, a miƙaƙƙen wurin da ba ka da aikin sitiyari. In ka ga 124, 128, 130, 131, 131, motar ta sami daidaito. In ka ga 124, 128, 132, 136, to ba ta da wurin tsayawa, kuma kai ne za ka tsayar da ita.

Iyakokin da nake bai wa mutane, bisa abin da na gani da hannuna ba bisa wata doka ba, su ne waɗannan. Da man sintetik mai kaurin da na ambata, ƙasa da 120 ba na ko waiwaya, tsakanin 120 da 130 aiki ne na fili da aka saba, daga 130 zuwa 140 ina sa ido kuma ba na barin a daɗe, in ya taɓa 140 sai a ɗaga ƙafa. Da 0W-20 kuwa ina sauko da kowace iyaka da digiri goma. Ɗaga ƙafa ba yana nufin fita daga fili ba. Zagaye ɗaya a giya babba da juyi ƙasa da 4,000, kana gefe kana bai wa na baya hanya, yakan sauke zafin sosai. Akwai kuma dabarar da ba ta cin ko sisi: ka riƙa sauya giya a 6,500 maimakon ka kai allura jan layi. Ga wanda yake koyo, abin da zai rasa a lokaci kaɗan ne ƙwarai, domin a kwana ake ɓatar da daƙiƙu ba a miƙe ba, amma sauƙin da mai zai samu babba ne.

Abin da zafi ke yi wa kauri, matsin mai ne yake bayyana shi, kuma a nan motarka makauniya ce. Ba ta da agogon matsi, tana da jar fitila ce kawai, wadda ba ta kamawa sai matsin ya faɗi ƙasa da rabin bar (ma'aunin matsi ke nan), lokacin da aikin gama ya riga ya gama in injin yana juyi 7,000. Tsohon ƙiyasin makanikai shi ne a sami wajen bar 0.7 ga kowane juyi 1,000 in mai ya yi zafi. Da ni ne, kafin in kashe kuɗi a kan salansa ko ƙafafun ado, agogon matsi zan fara sakawa, mai ƙararrawa ko fitila mai haske da za a saita ta a kan lamba mai ma'ana, domin a tsakiyar kwana babu mai lokacin karanta allura.

Kwana kuma tana da nata haɗarin da bai shafi zafi kai tsaye ba, ko da yake zafi yana ƙara shi. In ka ɗauki ƙwaryar nono ka juya da sauri, nonon yakan taru a gefe ɗaya. A doguwar kwana man da ke kwano yana yin haka, kuma in bakin bututun famfo ya fito fili ya zuƙi iska, matsi yana faɗuwa nan take. Mai tsinkakke ya fi saurin guduwa gefe, tayoyi masu riƙo sosai kuma suna ƙara tsananta abin. Maganin farko shi ne ka shiga fili da mai a kan layin sama na sandar awo, ka auna a wuri mai daidai, ka kuma sake aunawa bayan kowace shiga, domin injin da ba ya shan mai a gari yana iya sha a fili. Tsakanin layin ƙasa da na sama akan sami kusan lita guda, kuma wannan litar tana da daraja ta biyu, domin mai mai yawa ya fi jinkirin ɗaukar zafi. Kada ka zarce layin da yawa, saboda karanshaf zai riƙa dukan man yana mai da shi kumfa, kumfa kuwa ba ya ɗaukar nauyi. In ka zo ka saka tayoyin tsere nan gaba, sai a yi maganar saka faranti masu tare mai a cikin kwanon.

Radiyetar mai ita ce maganin dindindin in har lambobinka suka nuna zafin ba ya tsayawa, ko kuma ka ƙudura zuwa fili sau da yawa a shekara. Iri biyu ce. Akwai wadda ruwan injin ke ratsawa, ƙarama, ana ɗaura ta a gindin filta. Tana taimaka wa mai ya yi ɗumi da wuri da safe, tana kuma rage masa zafi daga baya, amma duk zafin da ta kwasa a kan radiyetar ruwa take sauke shi. Akwai kuma ta iska, wadda ake kafawa a gaba da bututu biyu, kuma ita ta fi ƙarfi. In ka zaɓi ta iska, dole ta kasance da tamostat nata mai buɗewa a wajen digiri 80 zuwa 90, in ba haka ba a watan Janairu manka ba zai yi zafin da ya kamata ba. Wannan batu yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin a nan gida al'ada ce a cire tamostat na ruwa a jefar da sunan ƙasarmu tana da zafi. An taɓa kawo mini wata mota da aka yi wa haka a wani gareji, mai ita yana alfahari da cewa allurarta ba ta taɓa ɗagawa ba, da muka buɗe muka tarar da mai yana warin fetur kuma zobban fistin sun ci kafin lokacinsu. Ka tabbata kuma wanda zai ɗaura maka bututun ya san aikinsa, ya nisanta su da salansa da duk gefen ƙarfe mai kaifi, domin bututun da ya fashe yana zubar da man injin kaf cikin ƙanƙanin lokaci, a kan tayoyinka da kuma gaban waɗanda ke bayanka.

A ranar kanta, kada ka matsa wa injin sai mai ya kai digiri 80, kuma ka sani ruwa yana riga shi ɗumi da mintuna da yawa. In za ka fito, ka yi zagayen ƙarshe a hankali ba tare da taka birki sosai ba, ka bar injin ya ɗan yi aiki a tsaye, ka buɗe murfin gaba. Motarka ba ta da turbo, amma ga masu karatu da suke da shi wannan ya fi zama dole, domin sandar turbo tana juyi fiye da 100,000 a minti a jikin hayaƙi mai zafin ɗaruruwan digiri, kuma in an kashe injin farat ɗaya man da ya tsaya a ciki yana ƙonewa ya zama gawayi. Kada ka ja birkin hannu a kan faifai masu zafi, ka sa motar a giya a wuri mai daidai.

Ba ka tambaye ni birki ba, amma ba zan iya yin shiru ba, domin a motar gida shi ne yakan fara gajiya kafin injin. Man birki yana shan danshin iska. Na DOT 4 sabo ba ya tafasa sai aƙalla digiri 230, amma in ya sha ruwa iyakarsa tana iya saukowa zuwa 155, kuma in ya tafasa ƙafarka za ta tafi har ƙasa ba tare da motar ta rage gudu ba. Ka sauya shi da sabo, in da hali irin na tsere wanda ke haura 300, ka duba kaurin takalman birkin kafin ka shiga da kuma tsakar rana. Ka karanta takardar inshorarka ma, domin yawancinsu ba sa biyan abin da ya faru a filin tsere.

Man da ke cikin motar yanzu ka juye shi, ka sauya filta, amma kada ka zubar da shaidar. Ka ɗebi kaɗan a kwalba mai tsabta daga tsakiyar zubowarsa, ka aika ɗakin gwajin mai, waɗanda ba su da wuyar samu a Faransa. Za su gaya maka yawan baƙin ƙarfe da tagulla da alminiyam da ke ciki, da yawan fetur, da kuma ko kaurin ya sauka daga inda ya kamata. Ka sa a yanka tsohuwar filtar a baza takardar cikinta a rana. In babu ƙyalƙyalin ƙarfe, to tambayarka ta farko ta sami amsar da ta fi tawa ƙarfi. Daga nan gaba, ni ina juye mai bayan ranar fili biyu ko uku, ko bayan guda ɗaya in ya haura 140.

Mahaifinka ya gaya mini kana tunanin kawo motar gida wata rana. In ka yi, ka tuna cewa a watan Maris da Afrilu inuwar Garwa tana haura digiri 40, kuma duk ƙarin zafin iska kusan haka yake ƙaruwa a kan na mai, ga ƙurar hunturu da ke toshe radiyeta. Injinka yana matse iska sau 12.5, don haka yana son fetur mai lamba 98, ba irin na kwalba da ake sayarwa a bakin hanya ba, wanda in ya sa injin ƙwanƙwasa kwamfutar motar za ta ja wuta baya, ƙarfi ya ragu, zafi ya ƙaru. Baƙin mai kuma sai daga hannun dillalin da ka amince da shi, domin galan mai kyau da aka sake cikawa da wani abu daban ba baƙon abu ba ne a kasuwa. Gudun da ka koya a Le Mans kuwa ka bar shi a Le Mans, inda kowa ke tafiya fuska ɗaya, akwai masu tuta, akwai motar asibiti a tsaye. Hanyar Garwa zuwa Marwa ta shanu ce da 'yan babur da yara masu tsallakawa.

In Allah ya kai ka fili na gaba, ka sa wayar ta adana lambobin tun daga tashi har kashewa, ka rubuta zafin iskar ranar, da sunan man da lambar HTHS ɗinsa, da juyin da kake sauya giya, da yawan man da ka ƙara tsakanin shiga da shiga. Ka haɗo mini su da sakamakon gwajin tsohon man, sai mu duba tare mu ga ko sauyin mai ya wadatar ko sai an ɗaura radiyeta. Ka gaishe mini da iyalinka.